Birnin Kib da Bai Faɗi Ba: Nazarin Iliya Ɗan Maiƙarfi a Ma'aunin Tarihin Da-A-Ce

1.0 Gabatarwa

Littafin Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda aka buga a Zariya a farkon shekarun 1950, yana cikin ƙagaggun labaran da kusan duk wanda ya yi karatun Hausa a makarantun boko na Arewa ya san su. Sunan jarumin ya zama abin kwatance ga duk wani ƙaƙƙarfa, sunan dokinsa Ƙwalele kuwa ya shiga bakin mutanen da ko riƙe littafin ba su taɓa yi ba. Manazarta sun daɗe da gano cewa tushen labarin ba a ƙasar Hausa yake ba. An ciro shi ne daga waƙoƙin jaruntaka na Rashawa a kan wani barde mai suna Iliya Muromets. Birnin Kib shi ne Kiyef, babban birnin ƙasar Yukren a yau, Sarki Waldima kuwa shi ne Biladimir, wanda ya mulki wannan birni shekaru dubu da suka wuce.

Maganar da aka fi yi a kan littattafai irin wannan ita ce ta asali, wato ko fassara ce, ko baddalawa, ko kuwa ɗaukar kayan wani. Wannan maƙala ta ajiye waccan tambaya, ta ɗauki wata: wace irin daula ce mai karatu yake tararwa a cikin littafin, kuma yaya take idan an jera ta da daular da ta wanzu a tarihi? Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, Kib ta Ingawa hoto ne na daular Silabawa da tarihi bai taɓa gani ba, daular da ba ta faɗi ba, kuma ba ta bi addinin Rumawa ba. Saboda haka littafin yana dab da wani reshe na adabi da za a kira shi a nan tarihin da-a-ce. Za a auna shi da ma'aunin wannan reshe, a ga inda ya cika da inda ya gaza, sannan a duba abin da marubutan Hausa za su iya tsinta daga ciki.

2.0 Ma'anar Tarihin Da-A-Ce

Tarihin da-a-ce shi ne ƙagaggen labari ko nazari da yake ɗaukar wani sanannen al'amari na tarihi, ya juya sakamakonsa, sannan ya bi diddigin abin da zai biyo baya. Tsohon abu ne a rubuce-rubucen Turai. Marubucin tarihin Rum, Libi, ya tsaya a tsakiyar littafinsa ya yi lissafin abin da zai faru da a ce Iskandari Mai Girma ya juya yamma ya auka wa Rum. Edward Gibbon ya yi irin wannan lissafi a kan yaƙin da aka yi a Faransa a shekarar 732, inda ya ƙiyasta cewa da Musulmi sun yi nasara, da ana karantar da Alƙur'ani a Okasfod. A 1876 Bafaranshe Charles Renouvier ya buga littafin da ya ba reshen sunansa a harshen Faransanci. A zamanin nan akwai The Man in the High Castle na Philip K. Dick, na 1962, wanda ya ba Jamus da Japan nasara a Yaƙin Duniya na Biyu, da The Years of Rice and Salt na Kim Stanley Robinson, na 2002, wanda ya sa annoba ta share mutanen Turai, duniya ta koma hannun Musulmi da Sinawa.

Daga waɗannan misalai za a iya fitar da sharuɗɗa uku. Na farko, dole marubuci da mai karatu su yi tarayya wajen sanin abin da ya faru na haƙiƙa. Na biyu, dole a sami mararraba, wato wuri guda sananne inda labari ya rabu da tarihi. Na uku, dole marubuci ya bi sakamakon wannan rabuwa da hankali, kowane abu ya haifi na gabansa.

Harshen Hausa yana da kayan aikin wannan tunani a cikin nahawunsa. Kalmar sharaɗi ta abin da bai auku ba, wadda ake rubutawa da, tana da dogon wasali da karin sautin ƙasa, ta bambanta da da ta haɗi mai gajeren wasali, ta kuma bambanta da da ta zamanin baya mai karin sautin faɗau. Tana zuwa a farkon sassan jimla guda biyu: da ruwa ya sauka, da gero ya yi kyau. Sai dai al'ada ba ta sakar wa wannan kalma mara ba. Bahaushe yana cewa da-na-sani ƙeya ce, kuma akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya hana mutum, bayan abu ya riga ya same shi, ya riƙa cewa da ya yi kaza da kaza ta faru. Malamai sun bayyana cewa hanin ya shafi nadama da jayayya da ƙaddara ne, bai shafi lissafi don neman darasi ba. Duk da haka, marubutan zube na farko sun kauce wa taɓa sakamakon tarihi. Ganɗoki na Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933, misali ne mai kyau. Jarumin ya yi yaƙi da Turawa a wurare na haƙiƙa, amma da aka zo ga faɗuwar daula, marubucin bai juya sakamakon ba. Sai ya fitar da jaruminsa daga tarihi baki ɗaya, ya kai shi duniyar aljannu.

3.0 Daular Rus Kamar Yadda Ta Wanzu

Kafin a auna Kib, wajibi ne a san Kiyef. Daular da masana suke kira Rus ta Kiyef ta kafu a ƙarni na 9 a kan hanyar ciniki ta kogin Dinifa, wadda ta haɗa Tekun Baltik da birnin Rumawa na Kustantiniya, wato Santambul ta yau. Gidan sarautar ya samo asali daga Sikandinabiya, amma talakawa da harshe da al'ada na Silabawan gabas ne, al'ummun da Larabawa suka haɗa su cikin waɗanda suka kira Saƙaliba. Kundin tarihin daular, wanda aka harhaɗa a Kiyef wajen shekarar 1113, ya ce Oleg ya kama birnin a 882. Biladimir ya yi sarauta daga wajen 980 zuwa 1015, ɗansa Yaroslaf kuma daga 1019 zuwa 1054, lokacin da daular ta kai ƙololuwarta. Daga baya ta rarrabu tsakanin 'ya'yan sarauta, har Mongolawa ƙarƙashin Batu suka rushe Kiyef a 1240.

A cikin wannan tarihi akwai mararraba guda da ta fi kowace shahara. Kundin ya ba da labarin cewa a 986 manzanni sun zo wa Biladimir, wanda a lokacin yake bautar gumaka, kowa yana kiransa zuwa addininsa: Musulmi daga Bulgar ta kogin Bolga, da Kiristocin yamma, da Yahudawa daga Kazar, da wani masani daga Rumawa. Mutanen Bulgar maƙwabtan Rus ne, kuma Musuluncinsu ya riga ya kafu tun zuwan Ibn Fadlan, manzon Halifa Muƙtadir na Bagadaza, a 922. A cewar kundin, abin da ya hana sarkin bin Musulmi har da haramcin giya da naman alade. A 988 ya karɓi addinin Kirista na Rumawa, ya auri Ana, 'yar'uwar Sarkin Rumawa Basil na Biyu, ya sa aka yi wa mutanen birnin wankan shiga addini a kogi.

Abin lura shi ne, marubutan Musulmi suna da nasu labarin. Sharafuz Zaman Marwazi, wanda ya yi rubutu a farkon ƙarni na 12, ya ruwaito cewa mutanen Rus sun shiga Kiristanci, suka ga ya dakushe musu takubba, sai sarkinsu mai suna irin na Biladimir ya aika manzanni Huwarizim yana neman Musulunci. Tarihi bai tafi a kan wannan ruwaya ba, amma ta nuna cewa tun a wancan zamani akwai waɗanda suka hango Rus a ɗaya hanyar.

4.0 Matakan Juyin Labarin

Tsakanin Kiyef ta 988 da Kib ta Zariya, labarin ya juya sau biyu. Juyi na farko a bakin mawaƙan Rashawa ya auku, na biyu kuma a alƙalamin Ingawa.

4.1 Juyin Mawaƙan Baka

Waƙoƙin da suka ɗauko labarin Iliya ana kiransu bilina. Adabin baka ne, kuma ba a Kiyef aka fi tarar da su ba. A can arewacin Rasha mai nisa, wajen tafkin Onega, masu tattarawa irin su Pabel Ribnikof a shekarun 1860 da Aleksanda Hilfadin a 1871 suka rubuta su daga bakin manoma da masunta. A cikinsu Iliya ɗan manomi ne daga ƙauyen Karacarobo kusa da garin Murom. Ya yi shekara talatin da wani abu a zaune ba ya iya tafiya, har wasu matafiya masu ziyarar ibada suka roƙe shi abin sha, suka warkar da shi. Ya kama hanyar Kiyef, ya kama wani ɗan fashi da yake kashe mutane da fito, ya shiga hidimar Biladimir, suka ɓata, sarkin ya jefa shi kurkuku, sannan ya dawo yana neman taimakonsa da Tatar suka kewaye birni.

A nan ne juyin yake. Biladimir ya rasu a 1015, Tatar kuwa ba su iso ƙasar Rus ba sai a ƙarni na 13, bayan fiye da shekara ɗari biyu. Da suka iso kuma, sun ci birnin. Amma a cikin waƙoƙin, sarkin 988 ne yake fuskantar abokan gaban 1240, kuma Kiyef ba ta faɗuwa, domin Iliya yana nan. Wato mutanen da kakanninsu suka sha kashi sun gina wa kansu daular da ba a ci ta ba, suka riƙe ta a waƙa na tsawon ƙarnoni. Ke nan kayan da Ingawa ya tarar sun riga sun rabu da tarihi tun kafin ya taɓa su.

4.2 Juyin Sunaye

Waƙoƙin sun shiga Ingilishi tun a 1886 ta hannun Isabel Hapgood, kuma ta hanyar littattafan Ingilishi ne labaran Turai suke isowa ga ma'aikatan Hukumar Talifi da Kamfanin Gaskiya a Zariya. Sunayen da ke cikin littafin Ingawa suna ɗauke da alamar wannan hanya. Hausa ba ta da sautin v, kuma a kalmomin aro takan mayar da shi b, kamar a direba da shebur da talabijin. Haka aka yi a Kib, sannan aka dunƙule wasulan biyu suka koma ɗaya. A Waldima kuwa sautin ya koma w, aka raba cunkoson baƙaƙe na farkon suna ta hanyar musayar gurbi, vla ya zama wal. Ƙarshen sunan ya koma a, daidai da yadda Hausa take yi wa kalmomin Ingilishi masu ƙarewa da r da ba a furtawa, kamar tela da kafinta.

Sunan jarumin kansa bai buƙaci gyara ba. Iliya na Rashawa da Iliya na Hausawa duk daga sunan Annabi Ilyasu suke, don haka mai karatu ya karɓe shi kamar ɗan unguwarsu. Babban sauyi yana ga laƙabi. Muromets yana nufin mutumin Murom, wato laƙabi ne da yake ɗaure jarumi da wani gari a taswira. Ɗan Maiƙarfi kuwa yana ɗaure shi da uba da kuma siffa. Da wannan sauyi guda aka tsinke igiyar da ta haɗa labarin da ƙasarsa. Abin da ya rage na baƙunta kaɗan ne, kamar yadda Kib ta ƙare da baƙi, abin da ba a saba ji ba a sunayen garuruwan Hausa. Wannan ɗan ragowa ya isa ya sa mai karatu ya ji cewa garin yana da nisa, amma bai isa ya gaya masa inda yake ba.

4.3 Juyin Addini da Sarauta

Iliya na waƙoƙin Rashawa barden Kiristanci ne. An sa shi cikin waliyyan coci a 1643, kuma akwai gawar da ake dangantawa da shi a kogunan wani tsohon gidan ibada a Kiyef. Amma ɗalibin da ya karanta littafin Ingawa a Katsina ko Gusau bai taɓa ɗaukar Iliya a matsayin mabiyin cocin Rumawa ba. Dalilin haka yana da sassa biyu. Na farko, kalmomin da Hausa take maganar ibada da su, irin su Allah da addu'a da albarka da mala'ika, ta hanyar Musulunci suka shigo daga Larabci. Sai dai wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala a 1932, da waɗannan kalmomi yake amfani. Sashe na biyu shi ne ya yanke hukunci: da zarar an janye alamomin da suke bambanta addinin Rumawa, aka bar kalmomin gama-gari, sai mai karatu ya cike gurbin da abin da ya sani. Warkewar gurgu ta zama karama, yaƙi da maharan birni ya zama kare addini, komawar jarumi dutse a ƙarshen labari ta zama cikawa irin ta bayin Allah.

Haka abin yake ga sarauta. Kalmar sarki ba ta zuwa ita kaɗai. Tana jawo fada da fadawa da dogarai da ganuwa da ƙofar gari a zuciyar mai karatu. Sakamakon haka shi ne daular Silabawa mai sarki irin na Hausa da ibada irin ta Musulmi. Idan aka tuna da manzannin Bulgar na 986, za a ga abin mamaki: Kib ta yi kama da abin da za a zata da a ce Biladimir ya amsa kiransu. Ruwayar da Marwazi ya rubuta a ƙarni na 12 ta sami jiki a Zariya bayan shekaru ɗari takwas, ba tare da marubucin ya yi shelar haka ba.

5.0 Auna Littafin

Idan aka koma ga sharuɗɗan nan uku, littafin bai cika ko ɗaya ba yadda ya kamata. Masu karatunsa ba su san tarihin Rus ba, balle su gane an juya shi. Babu wani wuri da labarin ya nuna a matsayin mararraba. Haka kuma ba a bi sakamako ba: ba a tambayi yadda dangantakar Kib da Rumawa ko Bagadaza za ta kasance ba, ko wane rubutu za a yi amfani da shi, ko ina fatake za su fuskanta. Zubin labarin ma na jerin gwagwarmaya ne, wannan karo ya wuce wancan ya zo, kuma ana iya musanya wasu da wasu ba tare da an yi hasara ba. Taurarin ba su da zurfi, ban da Iliya da Waldima. A nahawunce, littafin sashe na biyu ne na jimlar sharaɗi, an faɗi abin da zai kasance, an haɗiye da ta farko.

Amma rashin cika sharuɗɗan bai rage masa daraja a matsayin ƙagaggen labari ba, kuma a wani fanni ya ba shi 'yanci. Jigon da ya fi ƙarfi a littafin shi ne dangantakar talaka mai amfani da sarki mai butulci: ɗan manomi ya tsare birni, sarki ya ɗaure shi, wuya ta zo, aka koma neman sa. Ingawa ya riƙe wannan jigo daga tushe, kuma ya fito da shi a lokacin da maganar sarakuna da talakawa take da zafi a Arewa. A watan Agusta na 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, a cikin watan ne kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin gyaran mulkin En'e a majalisar Kaduna. Ba a cewa Ingawa siyasa ya nufa. Abin da za a iya cewa shi ne, labarin sarkin da ya ci amanar bardensa zai yi wuyar shiga aji da a ce a Kano ko Zazzau aka ajiye shi. Nisan Kib shi ne ya ba shi mafaka. Wannan kuwa aiki ne da tarihin da-a-ce yake yi a ko'ina: a yi maganar gida da sunan wani gari.

Akwai kuma farashin da aka biya. Tsararraki na masu karatu sun san Kib ba su san Kiyef ba. A yau gadon wannan daula abin rikici ne. Rasha da Yukren kowace tana ɗaukar Biladimir a matsayin kakanta: gunkinsa yana tsaye a Kiyef tun 1853, an kafa wani a Mosko a 2016, tambarin Yukren kuma daga alamar da ke kan kuɗinsa aka ɗauko shi. Ko Iliya ana jayayya a kansa, domin wasu masanan Yukren suna danganta shi da wani gari kusa da Carnihif maimakon Murom. A watan Yuli na 2021 Shugaba Putin ya buga maƙala yana kafa hujja da wannan tarihi cewa al'ummun biyu ɗaya ne, a ranar 24 ga Fabrairu 2022 kuma sojojin Rasha suka auka wa Yukren, ɗaliban Nijeriya da ke karatu a can suka tsere ta kan iyakoki. Mutane da yawa da suka saurari wannan labari a rediyo ba su san cewa birnin da ake magana a kai shi ne wanda Iliya ya tsare musu a aji huɗu ba. Malamin da ya koyar da littafin bai faɗi wannan ba ya tauye ɗalibansa rabin darasi.

6.0 Mararraba a Gida: Misalin Abuja

Ba sai an je kogin Dinifa ba kafin a ga yadda suna yake rufe tarihi, ko yadda daula take ci gaba a wata hanya dabam. Unguwar Durumi da ke Abuja, kusa da Garki, ta isa misali. Kunnen Bahaushe yana jin sunan a matsayin na itacen durumi, sai ya tuna da Durumin Iya da Durumin Zungura na birnin Kano, ya ɗauka tsohuwar unguwar Hausawa ce. Alhali ƙasar ta Gbagyi ce tun kafin a zana birnin tarayya, kuma daga 2014 mutanen da rikici ya koro daga Borno, musamman Gwoza, suka kafa sansani a wurin. Tarihi uku ke nan a ƙarƙashin suna guda, kuma sunan ba ya faɗin ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da Kib ta yi wa Kiyef ke nan.

Sunan Abuja kansa aro ne. Lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya ya yi kudu zuwa Zuba. Bayan rasuwarsa a 1825, ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828, gidan ya ci gaba da riƙe sarautar Sarkin Zazzau, kuma Zariya ba ta ci garin da yaƙi ba. Da dokar 1976 ta kafa sabon birnin tarayya, aka ɗauki sunan aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gwamnati ta tare a sabon birnin ranar 12 ga Disamba 1991.

Muhimmancin wannan ga maƙalar nan shi ne, tsohuwar Abuja tarihin da-a-ce ce mai rai. Ita ce amsar tambayar yadda Zazzau za ta kasance da a ce sarautar Haɓe ta ɗore. M. G. Smith ya gane haka, shi ya sa a littafinsa Government in Zazzau, na 1960, ya dogara da tsarin sarautun Abuja, da rubutun Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, wajen sake gina tsarin mulkin Zazzau kafin jihadi. Maraɗi da Tsibiri suna da irin wannan matsayi ga Katsina da Gobir. Ke nan marubucin Hausa yana da abin da Ingawa bai samu ba: masu karatu da suka san tarihin, da mararraba sanannu kamar faɗuwar Alƙalawa a 1808 ko yaƙin Burmi a 1903, da kuma garuruwa da za a duba a ga sakamako da ido. Abin da zai hana shi shi ne abin da ya sa Kib ta yi amfani, wato kusanci. Jikokin kowane ɓangare suna raye, kuma kowa yana da abin da zai ji zafi a kai. Wanda zai shiga wannan fage sai ya yi adalci ga waɗanda suka yi nasara da waɗanda suka yi hijira, har da waɗanda aka tarar a ƙasar, irin su Gbagyi da Koro, waɗanda labaran sarauta sukan tsallake su.

7.0 Kammalawa

An nuna cewa daular da ke cikin Iliya Ɗan Maiƙarfi ta rabu da Rus ta tarihi sau biyu. Mawaƙan Rashawa sun hana ta faɗuwa a hannun Tatar, Ahmadu Ingawa kuma ya tuɓe mata rigar Rumawa ya sa mata ta Hausa, ta hanyar sauya sunaye da janye alamomin addini. An kuma nuna cewa littafin bai cika sharuɗɗan tarihin da-a-ce ba, domin ya ɓoye mararrabarsa, amma ya yi aikin da wannan reshe yake yi, na faɗin gaskiyar gida daga nesa. Shawarwari biyu suka biyo baya. Ta farko, duk bugun da za a sake yi wa littafin don makarantu ya zo da gabatarwa da take bayyana Kiyef da Biladimir da waƙoƙin bilina, domin ɗalibi ya ga aikin da marubucin ya yi da kayan da ya tarar. Ta biyu, sassan Hausa na jami'o'i su sa kwatanta littafin da tushensa cikin darussan adabin kwatance da na nazarin kalmomin aro, tunda misalan Kib da Waldima suna amfanar fannonin biyu a lokaci guda.